Yadda ƙungiyoyin likitoci ke tsira da tsadar abinci

Ɗan'uwa ka tambaya wai ya ƙungiyoyin agajin lafiya na duniya suke yi yanzu da abinci ya yi tsada kuma masu bada tallafi sun ja baya. To gaskiya maneji kawai suke yi.

Inda abin ya fi cizo shine abincin yara masu tamowa, wannan da ake haɗawa da gyaɗa, madarar gari, sukari da mai. Katan ɗaya saceti 150 ne, kusan abin da zai warkar da yaro ɗaya a sati 6 zuwa 8. A 2022 da yaƙin Ukraine ya ɓarke UNICEF ta ce farashinsa zai tashi da kusan kashi 16 cikin ɗari, kaga kuɗin da suke da shi yara kaɗan zai ɗauka kenan. Tun kafin haka ma wasu kamar ALIMA, wata ƙungiyar likitoci ta agaji, suka gwada rage adadin saceti in yaro ya fara murmurewa, sannan ana koyawa iyaye mata auna damtsen yaro da wani ɗan tef mai kala, in ya nuna ja wato ƙasa da santimita 11.5 a garzaya asibiti, don gano ciwo da wuri ya fi araha nesa ba kusa ba akan kwantar da yaro a gado.

MSF, wato ƙungiyar likitoci ta Doctors Without Borders, ita kam da ɗan sauƙi tunda kusan duk kuɗinta daga ɗaiɗaikun mutane ne, amma da Amurka ta datse tallafin USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, a 2025 wasu ƙungiyoyin suka rufe cibiyoyi, da yawa daga marasa lafiyansu kuma suka kwararo wajen MSF. Wasu kuma sallamar ma'aikata suka yi kawai.