Giyar motata tana kuka, bakanike ya ce kuloci ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Mazda MX-5 ƙirar 1992, mai giyar hannu lamba biyar, 'yar Kwatano. Kwanan nan idan tana tsaye a firi, injin yana silo, sai in ji gurnani daga ƙarƙashin sandar giya. Da na taka kuloci sai ya ɗauke. A kan hanya kuma tana kuka a lamba biyu da uku, amma a lamba huɗu kusan shiru. Bakanikena ya ce a canza kuloci. In yarda? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da sayen kuloci tukuna. Abin da ka bayyana ya fi kama da ciwon cikin giyabos.

Idan mota tana firi kuma ƙafarka ba ta kan kuloci, injin yana juya sandar da ke shigar da ƙarfi cikin giyabos, ita kuma tana juya sandar ƙasa mai jerin haƙora. Da ka taka kuloci har ƙasa, ka raba su da injin ke nan, sai su tsaya cikin 'yan daƙiƙoƙi. In ƙarar ta mutu tare da tsayawarsu, to daga wajensu take, kuma galibi boris ɗin da ke riƙe da su ne ya cinye. Boris ɗin kuloci kuwa sai an taka yake ɗaukar nauyi, saboda haka kukansa yana tashi ne lokacin da ka taka. Haka ma ɗan ƙaramin boris da ke tsakiyar fulawil, wato faifan ƙarfen da ke bayan injin wanda kuloci ke kamawa, ba a jin sa sai kuloci yana ƙasa.

Amma akwai inda bakaniken naka zai iya yin gaskiya, kuma gwajin ba ya cin ko sisi. Ka tayar da mota ta yi ɗumi, ka ɗora ƙafa a kan kuloci a hankali, taɓawa kawai. In ƙarar ta ɗauke tun daga wannan taɓawar, to boris ɗin kuloci ne ko cokalin da ke tura shi ke kaɗawa. In kuwa sai ka kai ƙasa sannan ta riƙa raguwa har ta mutu, kamar fanka da aka kashe, magana ta koma giyabos.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne shirun lamba huɗu. A wannan giyabos, kamar yawancin motocin da ke ja da tayoyin baya, lamba huɗu tana haɗa sandar shiga da sandar fita kai tsaye, juyi ɗaya da juyi ɗaya. Ƙarfin injin ba ya bi ta sandar ƙasa, don haka boris ɗinta da na sandar shiga suna samun sauƙi. A sauran lambobin, har da ta biyar, dole ƙarfi ya sauka ƙasa ya sake hawowa. Ka saurara a lamba biyar. In kukan ya dawo, shaida ta cika. In kuma kana zargin baya, ka sami hanya mai sarari, ka ɗauki gudu, ka sa firi ka bar ta ta gangara: kukan da ke bin gudun mota a kowace lamba, na aksil ɗin baya ne ko boris ɗin taya.

Kafin a kwance komai, a duba mai. Abin yana damuna yadda ake canza baƙin mai a kai a kai, amma man giya sai ya shekara goma ba wanda ya leƙa shi. A fara kwance notin cikawa da ke gefen giyabos kafin na zubarwa, domin in ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwantuwa, ka ɗaure kanka. Mai ya kamata ya kai bakin ramin. A tare tsohon a roba mai tsabta a kai shi rana. Ɗan laushin ƙarfe a jikin maganaɗisun notin zubarwa ba komai ba ne. Ƙyalli ruwan zinariya yana nufin zoben tagulla masu daidaita shigar giya suna cinyewa. Ɓarɓashin da za ka ji a yatsa kuwa, boris ne ko haƙori ya fara farfashewa. A zuba man giya 75W-90 mai lambar GL-4, kusan lita 2. Kada ka bari a zuba maka mai kauri don a rufe bakin ƙara, zai sa giya tauri da safe kuma ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi.

Sai wani abu da wannan mota ta yi suna a kai: robobin da ke ƙarƙashin sandar giya suna yagewa da tsufa, sai zafi da ƙara su riƙa shigowa ciki. Wani lokaci giyabos lafiyarsa ƙalau, ƙofa ce kawai ta buɗe wa kunne. Ka ɗaga murfin da ke gindin sandar giya ka duba.

In sabon mai ya rage kukan kuma giya tana shiga ba gardama, za ka iya ci gaba da hawa kana saurare, ba tare da fizgar mota ba. In ya ƙaru, ko ka ga ɓarɓashi, a sauke giyabos tun boris bai watse ya ci haƙora ba, don a nan ne kuɗin gyara ke ninkawa. Ka kwatanta kuɗin sababbin boris da aikin hannu da kuɗin tsohon giyabos mai lafiya. Tunda an riga an sauke, a canza faifan kuloci da boris ɗinsa da na fulawil a lokaci guda, kada ka biya kuɗin saukewa sau biyu.