Bakassi: An daina harbi, to me ya rage?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin ana yabon Najeriya da Kamaru kan yadda suka raba gardamar Bakassi ba tare da yaƙi ba, amma kuma mutanen yankin har yau kuka suke yi. Hukuncin kotu bai wadatar ba ne? Me ake buƙata kafin zaman lafiya da ci gaba su samu gindin zama a irin wannan iyaka? Daga wani mai karatu a Yola.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, da yabon da kukan duk suna da tushe.

Yabon dai ya dace. An zub da jini a Bakassi, yankin bakin teku da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru ta kudu, tun 1981, abin ya ƙara ƙamari bayan sojojin Najeriya sun shiga yankin a ƙarshen 1993. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994, ranar 10 ga Oktoba 2002 kotun ta ba ta gaskiya, ta dogara da yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913. Najeriya ta ji zafin hukuncin, amma ba ta ɗauki bindiga ba. Kofi Annan, sakatare-janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya zaunar da shugabannin ƙasashen biyu, Obasanjo da Paul Biya, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta shata iyaka, aka sa hannu a yarjejeniyar Greentree ranar 12 ga Yuni 2006, aka kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agusta 2008. Ba kasafai ƙasa mai ƙarfin soja irin Najeriya ke janyewa haka don kotu ta ce ba.

Sai dai kotu ƙasa ta raba, ba ta raba mutane ba. Akasarin mazauna Bakassi masunta ne 'yan Najeriya, Efik da Ibibiyo da maƙwabtansu. Greentree ta yi musu alkawura masu kyau: Kamaru ba za ta kore su ba, ba za ta tilasta musu sauya ƙasa ba, za ta kare sana'arsu da dukiyarsu, ba za ta ɗora musu harajin wariya ba. An ba da wa'adin sauyi na shekara biyar, ya ƙare a Agustan 2013. Daga ranar, masuncin da kakansa ya kafa bukka a Abana, wani gari a Bakassi, ya zama baƙo mai neman takardar izinin zama. Ya fita da kwalekwale da asuba, jandarma ya tare shi a ruwa yana tambayar takarda da Faransanci, shi kuwa ba ya ji. Koke-koken haraji da cin zarafi daga nan suka fi fitowa.

Waɗanda suka zaɓi dawowa Najeriya ma ba su tsira ba. An tsugunar da da yawa a wajajen Akpabuyo ta jihar Kuros Riba, nesa da tekun da suka saba. Ka ba masunci fili a tudu, ka ce ka sallame shi? Ga shi jihar da za ta ɗauki nauyinsu ita ma ta rasa rijiyoyin mai 76, bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2012 ya bar su ga Akwa Ibom.

Mu a arewa mun ga irin wannan a Tafkin Chadi. Da ruwa ya ja baya, masuntanmu, ciki har da Hausawa, suka bi shi har Darak suka kafa garuruwa. A Disamban 2003 aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka fiye da 30, tuta ta sauya, mutanen suna nan inda suke.

A ganina takarda ce kan gaba. Mutumin da ba shi da shaidar haihuwa ko katin ɗan ƙasa ba ya iya kai ƙarar jami'in da ya zalunce shi, ɗansa kuma ba zai zauna jarrabawa ba. Ya kamata ƙasashen biyu su yi wa mazauna iyaka katin zirga-zirga mai araha, su kafa farashin haraji a rubuce a bakin kowane mashigi. Bayan haka sai abin da zai sa mutum ya ga amfanin gwamnati: asibiti, makaranta mai koyarwa da harshen da yara ke ji, ruwan sha, wurin adana kifi. Gadar Mfum da Ekok, mai haɗa ƙasashen biyu, da aka buɗe a 2022 ta taimaki fatake sosai, amma tana can nesa da masuncin da ke cikin fadamun Bakassi.

Akwai kuma abin da ba a hango ba a 2006. Tun 2016 rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya dagula Kudu maso Yammacin Kamaru, inda Bakassi take, ga 'yan fashin teku da masu garkuwa da mutane. Kuɗin da ya kamata ya tafi ga ayyuka sai ya koma ga tsaro. Shi ya sa nake ganin aikin hukumar haɗin gwiwar bai kamata ya tsaya ga dasa turakun iyaka ba. A ba sarakunan gargajiya da shugabannin masunta kujera a ciki, a buɗe ofishin karɓar ƙorafi a ɓangarorin biyu wanda zai iya kiran jami'in tsaro ya amsa tambaya.