Kalmar "loss" a harshen Bengali: asarar kuɗi daban, rashin mutum daban

Tambaya: Malam, ina koyon Bengali saboda hulɗar kasuwanci da mutanen Dhaka, babban birnin Bangladesh. Na duba kalmar Turanci "loss" a ƙamus, sai ya jero min kalmomi har huɗu. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Malam, ƙamus bai yi maka ƙarya ba. Abin da Bature ya tara a kalma ɗaya, mutanen Bangladesh da na Bengal ta Yamma a Indiya sun rarraba shi, kamar yadda mu ma muka bambanta asara, faɗuwa, ɓata da rashi.

In maganar ciniki ce, kalmarka ita ce "lokshan". Ka sayi kaya taka 500 (taka ita ce kuɗin Bangladesh), ka sayar 450, to ka yi lokshan na taka 50. Kishiyarta "labh", wato riba, shi ya sa za ka ji ana haɗa su, "labh-lokshan". Asalinta Larabci ne, nuƙsan, ta shigo ta hanyar Farisanci, sai "n" ta farko ta koma "l" a bakinsu. A hirar kasuwa ma sukan ari ta Turancin kai tsaye, su ce "los hoyeche", an faɗi ke nan.

"Khoti" ta fi faɗi. Daga Sanskrit take, tsohon harshen Indiya, tana ɗaukar ɓarna, lahani da asara kowace iri: ambaliya ta cinye shinkafa, taba ta illata huhu, kaya sun jiƙe a jirgin ruwa. A rubuce da harafin ক্ষ take farawa, wanda haɗin "k" da "sh" ne, amma kada ka furta "kshati". A farkon kalma "kh" ake cewa, "k" mai fitar da iska. Daga gare ta aka samo "khotipuron", wato diyya, kalmar da za ka buƙata ranar da kaya suka iso a lalace.

Inda masu koyo suka fi zamewa shi ne aikatau "harano". Yana nufin ɓatar da abu, yana kuma nufin kayar da abokin karawa. "Ami take hariyechi" na iya zama "na rasa shi", na iya zama "na doke shi", sai zancen da ke kewaye ne zai raba gardama. In kai aka cinye a wasa, "ami herechi" za ka ce. In abu ne ya ɓace da kansa, "hariye geche".

Ta'aziyya kuwa, kada ka kuskura ka sa lokshan, don ka mai da mamaci haja ke nan. A nan "shok" ake amfani da ita, baƙin cikin rashi, da "shomobedona", jaje. Jaridu in suna ƙirga rayukan da aka rasa a haɗari sukan rubuta "pranhani".