Kilisa a Tsibiri: Amsoshi Kan Kalmomin Doki da Karin Maganarsu

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Amurka. Da hutu muka je tsibirin Owahu na jihar Hawai, wani wuri da ake kira Kualoa, inda ake biyan kuɗi a hau doki a bi ma'aikacin wurin cikin kwari da gindin duwatsu har awa biyu. Na so in ba mahaifina labari da Hausa, sai na rasa sunan abin da muka yi da sunan wurin. Sukuwa za a ce?

Amsa: A'a ɗan'uwa, kilisa kuka yi. Kilisa ita ce fita da doki a tsanake don ya motsa jiki, mahayi kuma ya sha iska. Sukuwa gudu ne na ƙure ƙarfi, irin wanda ake yi a fage ko ranar hawan salla in mahaya sun zo jinjina a ƙofar fada. Tsakaninsu akwai sassarfa, wadda doki ke ɗaga ƙafar gaba ta dama tare da ta baya ta hagu, sannan ya yi haka da sauran biyun, shi ya sa take jijjiga wanda bai saba ba. A irin wurin da kuka je taku kawai ake yi, domin yawancin baƙi ba su taɓa hawa ba, doki kuwa dabbar garke ce: ɗaya ya zabura, sauran sun bi shi, ko mahayansu sun shirya ko ba su shirya ba.

Wurin kuwa ka ce gandun kiwo. Ruga mazaunin makiyaya ce, garke dabbobin ne su kansu, barga kuma inda ake ɗaure dawaki a turke. Gandu ne ke ɗauke da ma'anar fili mai faɗi na gida ɗaya, kuma Kualoa ya kai eka 4,000. A 1850 wani likita, Gerrit Judd, ya sayi yankinsa na farko daga hannun sarkin Hawai, Kamehameha na Uku. Ka ƙara wa mahaifinka da cewa tsibiran nan da can ba su san saniya ko doki ba. Shanu sun iso a 1793 a jirgin wani kyaftin ɗan Birtaniya, George Vancouver, dawaki a 1803. Da shanun suka yi yawa suka zama na daji, sai aka ɗauko mahaya masu jin Sifaniyanci daga ƙasar Meziko a shekarun 1830 su koyar da kamu da igiya. Daga sunan harshensu aka samo paniolo, sunan da ake kiran makiyayin kan doki a can har yau.

Wanda ya shige muku gaba jagora ne. Kada ka ce zagi. Zagi a ƙasa yake tafiya gaban dokin sarki, aikinsa na fada ne.

Tambaya: Allah ya ƙara wa Malam sani. Ina son sunayen kayan doki daki-daki. Kuma me ya sa bayan mun ɗan taɓa tafiya aka tsayar da mu aka sake ɗaure igiyar cikin dokin?

Amsa: Amin. Manyan kayan uku duk sunayensu daga Larabci suka zo: sirdi daga sarj, linzami daga lijam, likkafa daga rikab. Wadda ka kira igiyar ciki kuwa sunanta majayi, kalma mai ƙirar mabuɗi da magirbi, wato sunan kayan aiki. Shi ke riƙe sirdi a bayan doki, kuma duk kayan nan babu wanda sakacinsa ya fi kayar da mutum. Doki yakan ƙanƙame jiki in ana ɗaura masa majayi. In ya yi tafiyar minti 5 zuwa 10 jikinsa ya saki, nauyin mahayi kuma ya danne shimfiɗar da ke ƙarƙashin sirdi, sai majayin ya yi sako-sako. A hanya mai gangara sirdi sai ya sulale gefe da mutum a kai. Saboda haka ake ɗaure shi a hankali sau biyu ko uku, a sake dubawa bayan an fara tafiya. Ma'auninsa yatsu biyu su shiga tsakaninsa da fata da ɗan ƙyar. In ya matse fiye da haka, ko yashi da gumi suka shiga ƙarƙashinsa, yana goge fatar bayan ƙafar gaba har ta zama miki. A tsibiri mai zafi da yawan ruwan sama wannan ba ya wuya, don haka masu kula da dawaki suke goge wurin da buroshi kafin ɗaura sirdi, su wanke gumin bayan an sauke.

Mutane da yawa suna haɗa ragama da linzami, alhali ba ɗaya ba ne. Ragama igiya ce da ake sa wa kan doki don a ja shi ko a ɗaure shi, ba ta da ƙarfe. Linzami ƙarfe ne a cikin baki, yana zama a wani gurbi na dasashi da babu haƙori, tsakanin haƙoran gaba da turame. Abin da mahayi ke riƙewa a hannu shi ne kamazuru. Wanda ya san dasashi ne ƙarfen ke dannawa ba zai riƙa fizgar kamazuru don ya daidaita zamansa ba. In ka ji za ka karkace, kama gezar doki ko kwacciyar gaban sirdi. Dawakin gandun kiwo galibi da hannu ɗaya ake sarrafa su: ka jingina kamazuru a wuyan hagu, doki ya juya dama. Tsayawa kuwa, ka zauna daram, ka ja baya kaɗan, da ya tsaya ka saki. Sakin nan ne ke gaya masa ya yi daidai. Kada kuma ka naɗe kamazuru a hannu, don in ka faɗi zai ja ka.

Tsawon likkafa ana gane shi in ka miƙe a kanta: dunƙulen hannu ya shiga tsakaninka da sirdi. Gaban tafin ƙafa kaɗai ake sawa, dunduniya tana ƙasa. Abin da ya sa ake hana silifa, ake son rufaffen takalmi mai ɗan dunduniya, shi ne kada ƙafa ta zarce ta maƙale.

Dubi yadda kalmomin nan suka fita daga barga suka shiga maganar yau da kullum. Shugaba yana riƙe da ragamar mulki. Makamin da ake sarrafa tafiyarsa mai linzami ne. Wanda ya sami ƙarin girma likkafarsa ta ci gaba. Ƙara ƙaimi daga ƙarfen nan mai tsini na dunduniyar mahayi ya fito, kuma baƙo ba a ba shi ƙaimi, domin ƙafar da ba ta natsu ba za ta yi ta sokar doki ba da niyya ba. Hawan ƙawara shi ne hawa ba sirdi, daga nan aka ari sunan ga wanda ya danne mutane ba tare da bin ƙa'ida ba.

Tambaya: Malam, an auna maigidana a wani gandu aka ce nauyinsa ya wuce ƙa'ida, ba zai hau ba. Ƙawata ta ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ta yi daidai?

Amsa: Ba ta ajiye karin maganar a muhallinsa ba, Malama. Ana faɗinsa ne in abu ya fi ƙarfin mutum ko matsayinsa, kamar yaro ya ce zai raba gardamar manya. Maigidanki ba gazawa ya yi ba, dokin ake tausayawa. Ƙa'idar da masu dawaki ke bi ita ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin doki. Mai kilo 500 zai ɗauki wajen kilo 100, har da sirdi, kuma sirdin makiyaya mai ƙaho shi kaɗai yakan kai kilo 12 zuwa 18. Ga shi wanda bai iya zama ba ya fi gwani wahalar da bayan doki ko da nauyinsu ɗaya, balle a hanya mai hawa da laka. Ku riƙa tambayar iyakar nauyi da ta shekaru kafin ku biya kuɗi.

Tambaya: Mene ne bambancin tutsu, tabarya, harbi da turjiya? Kuma "dokin mai baki ya fi gudu", yabon dokin ake yi?

Amsa: Kowace kalma da halin da take nufi, maganinsu kuma ba ɗaya ba. Tutsu shi ne doki ya sunkuyar da kai ya watsa ƙafafun baya sama don ya yar da mahayi. Sai da kai a ƙasa yake iya yi, don haka ɗaga kansa ka sa shi ya ci gaba da tafiya. Tabarya ita ce ya miƙe a kan ƙafafun baya. A nan jan linzami shi ne babban kuskure, yana iya rinjayar dokin ya faɗo ta baya a kan mahayi. Ka karkata gaba, ka saki kamazuru, ka rungumi wuya. Harbi shuri ne da kofaton baya, kuma a jerin kilisa cunkoso ke jawo shi. Bar tazarar tsawon doki guda: in ka duba ta tsakanin kunnuwan naka, ka ga kofatan bayan na gaba. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, shi ya sa ba a zagaya masa shiru. Turjiya kuwa kafewa ce, ya ƙi gaba, sau da yawa a bakin ruwa ko gada. A bar dokin jagora ya fara wucewa, yawanci sai naka ya bi.

Kafin kowane ɗaya doki yakan yi gargaɗi. Kunnuwa a kwance kan wuya fushi ne. In yana tsakiyar rafi ya soma bugun ruwa da ƙafar gaba, birgima yake shirin yi, ɗaga kansa ka matse shi da ƙafa ya fita. A hawa ka ɗan karkata gaba, a gangara ka miƙe zaune ka bar shi ya zaɓi inda zai taka. Kada ka bar shi ya tsinki ciyawa ko sau ɗaya, in ba haka ba sauran tafiyar ja-in-ja za ku yi.

Karin maganar kuwa ba doki yake yabo ba, zambo ne ga mai cika baki: wanda ya iya magana, a labarinsa nasa ne kullum kan gaba. Yana da amfani a nan, domin kafin a raba dawaki jagora zai tambayi kowa ko ya taɓa hawa, kuma da amsar zai zaɓa maka. Wanda sau biyu aka taɓa ɗora shi a doki ranar salla ana riƙe da ragama, ya ce sabon shiga ne, a ba shi dattijon doki mai sanyin hali a sa shi kusa da jagora.