Na'urar tana zuba oksijin da kanta, me ya sa malamina ya hana ni ɗauke ido daga agogo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Nima ne a nan Accra, ina aikin nutso a Tema, muna kankare gindin jiragen ruwa da silinda ta gama-gari. Yanzu na fara koyon nutso da na'urar maimaita numfashi, wadda ke tace iskar da na fitar ta ƙara mata oksijin in sake shaƙa. Mai koya mini ya dame ni, kusan kowane minti sai ya nuna mini agogon hannuna in duba lambar oksijin. Tunda na'urar ce ke aunawa kuma ita ke zubawa, mene ne amfanin wannan yawan dubawa? Kuma idan oksijin ya ragu, ai zan ji numfashina ya sarƙe?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin a nan haɗarin yake. A'a, ba za ka ji ba. Abin da ke sa mutum ya ji numfashi ya sarƙe shi ne taruwar kabon-dayoksaid a jini. Na'urarka kuwa tana ɗauke da garin soda-layim wanda aikinsa tsotse wannan iskar. Saboda haka kana iya shaƙa kana fitarwa cikin kwanciyar hankali, jakar numfashi tana kumbura tana lotsawa yadda ta saba, alhali oksijin na ƙarewa a cikinta. Wani ma daɗi-daɗi zai riƙa ji, sai dai kawai ya suma. Da silindar da ka saba, in iska ta ƙare za ka ja ka ji wayam, nan take ka sani. Wannan na'urar ba ta yi maka wannan gatan.

Lambar da ke kan agogon ita ce matsin oksijin a cikin iskar da kake shaƙa. A bakin teku, iska na da oksijin kashi 21 cikin ɗari, matsinta bar 1 (bar shi ne ma'aunin matsi), don haka rabon oksijin, wato lambar, 0.21 ne. Kowace mita 10 da ka nutsa a ruwan teku tana ƙara bar 1. In lambar ta sauka ƙasa da 0.16 ƙwaƙwalwa ta fara rasa abincinta, wajen 0.10 kuwa sai suma. Ta sama ma akwai iyaka: ba a so a wuce 1.4 ana cikin aiki, 1.6 ita ce ƙarshen abin da ake yarda da shi, shi ma a tsayawar hutu kusa da sama. In oksijin ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Paul Bert, Bafaranshe, ya bayyana wannan tun 1878, kuma gwaje-gwajen da Kenneth Donald ya yi wa sojojin ruwan Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun nuna cewa mutum ɗaya yakan jure yau, gobe ya faɗi a kan adadin da ya jure jiya. Wani lokaci leɓe kan yi rawa, kunne ya yi ƙara, gani ya tsuke, wani lokacin kuma babu wata sanarwa. A kan tudu jijjigar kan wuce, amma a ruwa bakin na'urar zai suɓuce daga bakinka. Shi ya sa akan saita na'ura a 0.7 a saman ruwa da kuma lokacin sauka, a mayar da ita 1.2 ko 1.3 in an kai zurfi.

To, ga inda nake so ka tsaya ka natsu. Na'urar ba ta san yawan oksijin ba, abin da sansa, wato 'yan ma'aunan oksijin da ke cikinta, suka gaya mata take aiki da shi. Yawancin na'urori na da sansa uku, kowace ƙaramin batir ce da oksijin ke cinyewa sannu a hankali, tana fitar da lantarki gwargwadon oksijin da ya taɓa fuskarta. Kwamfutar na ɗaukarsu kamar shaidu uku a gaban alƙali: in biyu suka yi baki ɗaya, sai ta watsar da maganar ta ukun. Yanzu a ce biyu sun tsufa tare. Tsohuwar sansa takan yi daidai a sama, ta wuce gwajin safe lafiya lau, amma ƙarfinta ya kasa wuce wani mataki, a ce 1.1. Kai kana mita 30, an saita na'ura a 1.3. Tsofaffin biyu suna ta cewa 1.1, kwamfuta na ganin oksijin bai isa ba, bawul ɗin lantarki na ta zubawa. Mai gaskiyar tana nuna 1.7, tana hawa, ita ce kuma aka ƙaryata. Babu wanda zai gane abin da ke faruwa sai mai duba lambobin ukun ɗaya bayan ɗaya, wanda kuma kunnensa ya saba da ƙarar bawul har ya lura cewa yau tana yawan tashi.

Abin da malaminka yake so ya zame maka jiki ke nan: ka duba, sannan ka tambayi kanka ko lambar ta dace da abin da kake yi. In kana sauka ya kamata ta hau, in kana tasowa ta faɗi. Lambar da ta tsaya cak kana canja zurfi abin zargi ce. Tasowa daga mita 10 zuwa sama tana raba lambar biyu, wato mai 0.3 a mita 10 zai iso sama da 0.15. Mutane kan ɗauka zurfi ne kawai abin tsoro, amma suma kan samu har wanda ke iyo a saman ruwa zuwa kwalekwale, ya manta bai buɗe silindar oksijin ba ko bai kunna kwamfuta ba. Mintuna kaɗan sun isa.

Akwai hanyar kama sansa da ƙarya, kuma lissafin bai fi ƙarfin kowa ba. Ka wanke zagayen numfashi, wato hanyar da iska ke kewayawa tsakanin bakinka da jaka, da iskar sirki, ta ɗaya silindar da ake haɗawa da oksijin, wadda ka san abin da ke cikinta. In iskar gama-gari ce, a mita 20 matsi bar 3 ne, 3 sau 0.21 ya ba ka 0.63. Sansar da ta nuna kusa da haka ita ce mai gaskiya, ko da ita kaɗai ce. A mita 6 kuma, tare da malaminka, a cika zagayen da zallar oksijin: ya kamata ka ga kusan 1.6. Wadda ta maƙale a 1.2 ta gama aiki. Ka riƙa rubuta milibolt ɗin kowace sansa, wato ma'aunin lantarkin da take fitarwa, a littafi. Wadda ke ba da 10 a iska ya kamata ta ba da wajen 47 ko 48 a zallar oksijin a sama.

Yanayinmu a nan bai taimaka ba. Zafi na saurin tsufar da sansa, don haka kar ka bar kan na'ura (inda sansa suke) a bayan mota da rana tsaka, ko a saman tro-tro daga Nima zuwa Tema. Raɓar numfashi da ke kwanciya a fuskar sansa tana sa ta nawa, ka buɗe kan ya bushe a inuwa bayan kowane nutso. Yawancin masu ƙerawa na cewa a canja su cikin wata 12 zuwa 18. Na san daga waje ake kawo su, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne, amma ina roƙonka kar ka ja su wuce lokaci. Shawarata kar ukun su zama 'yan kwali ɗaya da aka sa rana ɗaya, ka raba lokacin canjinsu. Ruwan tashar Tema kuma sau da yawa a gurɓace yake, hannayenka biyu na kan aiki, don haka ka koyi karanta 'yar fitilar da ke gaban gilashin fuskarka, mai nuna matsayin oksijin, kamar yadda kake karanta agogon.

Ka sani kuma waɗannan sansa ba sa auna kabon-dayoksaid. Lamba na iya zama 1.3 daram, soda-layim ya ƙare ko an cusa shi ba daidai ba. In ka ji haki ba dalili, ko ciwon kai, ko lambobin suka saɓa har ka rasa wadda za ka yarda da ita, ka rufe bakin na'ura, ka koma kan silindar ko-ta-kwana, ka yi wa abokin nutsonka alama ku taso. Binciken abin da ya lalace sai an fito. Allah ya tsare, ka gaida malamin naka.