Kamamoto da Nakata: Wa Ya Fi Shahara a Ƙwallon Japan?

Tambaya: Na ji ana cewa Kunishige Kamamoto ne ɗan ƙwallon da ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin Japan, amma ni ban taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa kusan duk mai kallon ƙwallo ya san Hidetoshi Nakata. Shin wanene ya fi shahara a tsakaninsu? (Daga wani mai karatu a Gusau)

Amsa: Idan shahara a faɗin duniya kake nufi, babu shakka Nakata ne a gaba, amma idan abin da aka yi wa ƙasa a filin wasa za a duba, har yanzu babu ɗan Japan da ya kamo ƙafar Kamamoto. An haife shi a Kyoto a 1944, kuma ya zura ƙwallaye 75 a wasanni 76 da ya buga wa ƙasarsa, yayin da Kazuyoshi Miura, wanda ke biye da shi, ya tsaya a 55.

Tauraruwarsa ta fi haskawa ne a gasar Olamfik ta 1968 a Mexico, inda ya fi kowa cin ƙwallo da guda bakwai. Uku daga ciki a ragar Najeriya suka faɗa, a wasan rukuni da Japan ta yi nasara da ci 3 da 1. Biyun ƙarshe kuwa ya ci su ne a filin Azteca, lokacin da Japan ta doke masu masaukin baƙi da ci 2 da nema ta karɓi lambar tagulla.

Dalilin da ya sa sunansa bai iso kunnenka ba shi ne zamanin da ya yi wasa. A lokacin babu gasar ƙwararru a Japan, domin ƙungiyoyin na kamfanoni ne, ’yan wasan kuma ma’aikatansu ne. Kamamoto ya yi dukkan wasansa na lig a Yanmar Diesel, wadda ta zama Cerezo Osaka daga baya, tun daga 1967 har zuwa 1984, kuma ciwon hanta da ya kwantar da shi jim kaɗan bayan Olamfik ya taimaka wajen toshe masa hanyar zuwa Turai. Bugu da ƙari, Japan ba ta samu gurbin gasar cin kofin duniya ba sai a 1998, shekara 14 bayan ya daina wasa. Nakata kuwa ya fito ne daidai lokacin da talabijin ke kai wasannin Italiya ko’ina: ya buga kofin duniya sau uku, ya tafi Perugia a 1998, sannan ya ɗauki kofin Serie A da Roma a 2001.

A fannin horarwa, gaskiya Kamamoto bai yi fice kamar yadda ya yi a matsayin ɗan wasa ba. Ya haɗa wasa da horar da Yanmar daga 1978, sannan ya jagoranci Gamba Osaka a farkon gasar J.League da aka buɗe a 1993, amma ƙungiyar ba ta taɓuka ba a hannunsa. Daga nan ya shiga siyasa, ya zama ɗan majalisar dattawan Japan daga 1995 zuwa 2001. Ya rasu a watan Agusta na 2025 yana da shekara 81.