Ta yaya taifot ke huda hanjin yaro?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 9 ya yi fiye da mako biyu yana zazzaɓi, muna ba shi maganin maleriya daga kemis. Rana ɗaya cikinsa ya ƙulle, a asibiti aka ce taifot ce ta huda masa hanji, sai da aka yi masa tiyata. Ta yaya zazzaɓi zai huda hanji? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce.

Ƙwayar cutar taifot, wadda ake kira Salmonella Typhi, ta baki take shiga, cikin ruwa ko abincin da bayan gidan mai ɗauke da ita ya gurɓata: rijiyar da ke kusa da masai, ƙanƙarar zoɓo, ganyen salak da ba a wanke sosai ba. Idan ta isa ƙarshen ƙaramin hanji, sai ta kutsa cikin wasu ƙananan kaluluwa da ke jikin bangonsa. Daga nan ta bi jini zuwa hanta da saifa da ɓargo, tana hayayyafa. Yawanci sai bayan mako 1 zuwa 2 zazzaɓi ke bayyana, kullum yana ƙara hawa, ga ciwon kai, ga kasala, yaro ya ƙi abinci.

Abin da ya sami ɗanki a nan yake. Daga hanta ƙwayar kan gangara matsarmama, ruwan matsarmamar ya sake kwararo da ita cikin hanji. Kaluluwar nan da ta fara shiga sai su kumbura, su zama gyambo. Wajen mako na 3 gyambon kan ci bangon hanjin har ya ɓula, ƙazanta ta malala cikin ciki. Shi ya sa kika ga cikin ya yi tauri kamar katako, ko taɓawa ba ya so.

Kada ki zargi kanki, Hajiya, alamomin farko suna kama da na maleriya sosai. Sai dai maganin maleriya ba ya taɓa wannan ƙwayar ko kaɗan. Duk zazzaɓin da ya wuce kwana 3 ana shan magani bai sauka ba, a kai asibiti. Gwajin jini na Widal da aka saba yi don gano taifot ma yana yawan yaudara. Wanda ake renon ƙwayar daga jini ya fi tabbas.

Yanzu ki tabbata ya shanye maganin da aka rubuta masa har ƙarshe, ko da ya warware. Wasu kan warke amma ƙwayar ta maƙale musu a matsarmama, suna zubar da ita a bayan gida ba su sani ba. Don haka a riƙa tafasa ruwan sha, kowa a gidan ya wanke hannu da sabulu bayan ya zaga.